Yadda ake shirya fitar ƙungiya zuwa Duwatsun Shere

Duwatsun Shere suna gabashin Jos, kusan kilomita 10 daga cikin gari, ƙololuwarsu kuma ta kai mita 1,829 daga teku. Da yake Jos ɗin kanta tana kan mita 1,200 da 'yan kai, abin da ƙafa za ta hau kusan mita 600 ne. Saurayi mai jini a jika zai gama wannan kafin hantsi ya dubi ludayi. Mutum ashirin kuwa, ga mai ciwon gwiwa, ga wanda ko Dala bai taɓa hawa ba, lissafinsu daban ne. Da ƙafar wanda ya fi kowa nawa ake auna tafiyar ƙungiya.

Ku sa ranar tsakanin Nuwamba da Fabrairu. Da damina falalen dutse yakan jiƙe, gansakuka ta sa shi santsi kamar sabulu, hadari kuma yakan haɗu da rana tsaka, ga tsawa, ga ba mafaka a sama. Hunturu ma da nasa: sanyin asuba, hazo mai ɓoye hanya, da wutar daji. In kun hango hayaƙi ta inda iska ke busowa, ku sauya hanya nan take.

Saura mako guda, mutum biyu su je su taka hanyar da ƙafarsu. Su gaida mai unguwar ƙauyen da ke gindin dutsen, su tambayi halin tsaro, su nemi ɗan jagora ɗan gari, a gama ciniki tun ranar. Shi ya san inda zuma ta yi gida, ya san wuraren al'ada da mutanen yankin ba sa so baƙo ya taka.

Ga lissafin lokaci. Ku ba kowace kilomita 3 awa ɗaya, ku ƙara awa ɗaya a kan kowace mita 400 ta hawa, sannan awa ɗaya da rabi ta hutu da abinci da salla. Hanyar kilomita 9 zuwa da dawowa mai hawan mita 500 za ta ci kusan awa shida ke nan. A fara hawa ƙarfe 7, kuma tun a ƙasa a yanke lokacin juyawa: ƙarfe 12, an kai ƙololuwa ko ba a kai ba. A faɗe shi kowa ya ji, domin a can sama ne gardama ke tashi, wani ya ce ai saura ƙiris.

Mutum ɗaya ya riƙe gaba, ba mai wuce shi. Wani ƙwararre ya riƙe baya, ba wanda zai bari a bayansa, kuma akwatin magani yana hannunsa. Kowannensu da usur. In kun haura goma sha biyu, ku rabu gida biyu. A ƙirga mutane a duk inda aka tsaya. Kuskuren da aka fi yi shi ne na gaba su huta, da na baya sun iso sai a tashi. Hutu yana farawa ne daga isowar na ƙarshe.

Kowa ya ɗauki ruwa lita 3, ban da na alwala. Sanyi yana ɓoye ƙishirwa, saboda haka a riƙa kurɓa duk rabin awa. Wanda ya fara jiri ko ciwon kai, a zaunar da shi a inuwa, a dama masa cokalin shayi 6 na sukari da rabin cokalin shayi na gishiri a ruwa lita ɗaya. Guzuri mai sauƙi: dabino, gyaɗa, ayaba, burodi. Kilishi sai an sauko, ƙishi yake jawowa. Takalmi kambas mai kaushin ƙasa wanda ƙafa ta saba da shi, don sabo bororo yake yi. Dogon wando, hula, rigar sanyi, tocila.

A saukowa aka fi jin rauni, lokacin da cinya ta gaji hankali ya koma gida. A gajarta taku, a ɗan lanƙwasa gwiwa, a bar tazarar taku uku tsakanin mutum da mutum. Inda tsakuwa ta kwanta a kan falale, a zauna a sauka da hannu. Wanda ya ture dutse ya yi ihu "Dutse!" don na ƙasa su kauce. Kada a zura hannu a ramin da ido bai gani ba. In maciji ya sari wani, ba ɗauri, ba tsaga, ba tsotsa: a cire zobe da takalmi, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi zuwa asibiti.

Sabis ɗin waya yana ɗaukewa a kwazazzabai. Don haka ku bar sunayenku da hanyar da za ku bi wajen wani a gari, ku ce masa in ƙarfe 4 ta yi bai ji ku ba, ya kira mai unguwa da lambar 112. Direba kuma kada ya tayar da mota sai an kira suna ɗaya bayan ɗaya.