Noman shinkafar fadama: fara da fangali kafin taki

Duk manomin da ya same ni daga fadamun Gwagwalada, Kwali ko Abaji, tambayarsa ta farko ita ce wane taki zai zuba. Ni kuwa sai in ce masa, malam, mu je in ga fangalinka tukuna. Shinkafar fadama tana son ruwan da mai gona zai shigar ya kuma fitar a lokacin da ya so. In ruwa ne ke wucewa ta gonarka yadda ya ga dama, takin da ka sayo da tsada maƙwabcinka na gangare ka saya wa.

Ka raba gonar fangali-fangali, ka ɗaga kunya mai kauri a kewaye, tsayinta kamar santimita 30, ka tattake ta sosai, ka toshe ramukan ɓeraye. Kowane fangali ya samu mashigar ruwa da mafita. Sai ka sako ruwa, ka kafce ƙasar, ka cakuɗa ta har ta zama taɓo. Daga nan sai aikin da mutane suka fi yi wa ƙyuya, wato daidaita ƙasa. Bar ruwa kaɗan ya kwanta, ka tsaya a kan kunya ka duba da kyau. Inda ƙasa ta leƙo sama, tudu ne, nan ciyawa za ta yi gida. Inda ruwan ya yi duhu, kwari ne, nan dashenka zai nutse. Ɗaura igiya a faffaɗan katako, mutum biyu su riƙa ja daga tudu zuwa kwari har ruwan ya kwanta bai ɗaya. Aiki ne mai cin baya, na sani, amma shi ke sa yatsa biyu na ruwa su wadaci fangali duka.

Batun iri, kada ka ɗebo shanshera a kasuwa ka ce iri ne. FARO 44, wadda wasu ke kira Sipi, tana nuna cikin kamar wata huɗu, kuma masu casa suna sonta. In ruwan fadamarka yana yin jan maiƙo kamar tsatsa, ganye yana ƙonewa, FARO 52 ta fi jurewa. Masu gona a bakin Gurara kuwa, inda kogi ke tumbatsa a watan Agusta da Satumba, su nemi FARO 66 ko FARO 67 da aka fitar a 2017, domin suna iya kwana wajen mako biyu a ƙarƙashin ruwa su farfaɗo. In kana neman ingantaccen iri, cibiyar binciken hatsi ta Badeggi a Jihar Neja ba ta yi mana nisa ba.

Ni dashe nake ba da shawara, ba yafi ba. Kilo 25 zuwa 30 ya ishi hekta ɗaya, alhali mai yafi sai ya ninka haka. Zuba irin a ruwa, ka kwashe wanda ya taso sama ka zubar, ka jiƙa sauran kwana ɗaya, ka rufe shi a buhu kwana ɗaya ko biyu har ya fara tsiro, sannan ka watsa a gadon reno. In ya kwana 21, cire shi. Kada ka bari ya tsufa a reno, tsohon dashe ba ya 'ya'ya da yawa. Ja igiya ka dasa a layi, tazarar santimita 20 ta kowane ɓangare, tsiro biyu ko uku a rami, kuma kada ka cusa su can ƙasa.

Makon farko ruwa ya tsaya a santimita 2 zuwa 3. In shinkafar ta kama ƙasa, ɗaga shi zuwa 5, har 10 idan ta girma. Wannan ruwan ne ke danne yawancin ciyawa, sauran ka cire da hannu tun tana ƙarama.

Yanzu sai takin. A hekta ɗaya, buhu 4 na kamfa 15:15:15 lokacin dashe, sai buhu 2 na yuriya kashi biyu: ɗaya bayan mako uku, ɗaya gab da za ta yi ciki. Kowane karo rage ruwan, toshe mafita, watsa takin, ka jira kwana ɗaya ko biyu kafin ka maido da ruwa. Daga yin ciki zuwa fure kuwa, ko kusa kada fangali ya bushe, in ba haka ba ƙaiƙayi za ka girbe.

Da ta fara nono, tsuntsayen jan baki za su sauka, sai gadi safe da yamma. Saura kwana 10 zuwa 14 girbi, fitar da ruwan gaba ɗaya. In kashi 80 cikin 100 na zangarniya ya yi ruwan zinariya, sa lauje. A buga a kan tamfol, a shanya a kan tamfol, ba a gefen kwalta ba, don tsakuwa ce ke karya wa shinkafarmu daraja a kasuwa. In ka ciji ƙwaya ta yi ƙaras, ta isa shiga buhu.