Kurakuran da aka fi yi wurin gina manhajar zanen alaƙa mai rukuni cikin rukuni

Wani ɗalibin kwamfuta a nan Sakkwato ya kawo mini aikinsa na kammala karatu. Manhaja ce da za ka ɗiga ɗigo a allo, kowane ɗigo a madadin mutum ko wani abu, ka ja layi tsakani, ka kewaye wasu da da'ira su zama rukuni. Ya ce, "Malam, tana aiki, amma da na matsar da ɗigo ɗaya sai komai ya rikice." Ba shi kaɗai ba ne, kuma tushen ciwon ɗaya ne: ya bar zane ya zama shi ne bayanin.

Manhajarsa tana gane ɗigo ɗan rukuni ne idan ya faɗa cikin da'ira. Hannu ya ɗan goce, mutum ya fita daga danginsa ke nan. Gyaran shi ne a raba biyu. Kowane ɗigo da kowane rukuni su sami lambar shaida, a rubuta wa ke cikin wa a ma'ajiya guda, matsayinsu a allo kuma a wata daban. Zane ya bi bayani, kada bayani ya bi zane.

Kuskuren da ya fi ɓata mini rai shi ne yadda ake yi wa alaƙa mai ƙafa da yawa, wato wadda ta haɗa abu uku ko fiye a lokaci ɗaya. Ɗauki adashen mata 10 a Mabera. Mai gaggawa sai ya ja layi tsakanin kowace biyu, ya tashi da layi 45, allo ya zama saƙar gizo. Mafi muni, adashen kansa ya ɓace. Ina za ka rubuta kuɗin zubi? Ina sunan uwar adashe, ina jerin kwasa? Kuma ba ka iya bambanta adashen mutum uku da basussuka uku tsakanin mutum bibbiyu, alhali ba abu ɗaya ba ne. Masanin lissafi Claude Berge na Faransa ya shimfiɗa ilimin wannan irin alaƙa tun wajen 1970, don haka ba sabon abu ba ne. Ka ba adashen lambarsa, ka zana shi a matsayin ƙaramin ƙulli mai ƙafa 10 zuwa ga matan.

Sai zaton cewa kowane abu uwa ɗaya gare shi, wato rukuni ɗaya kaɗai yake ciki kai tsaye. Wamakko tana cikin jihar Sakkwato, jihar tana cikin Najeriya, wannan ya zauna daidai. Amma ɗan kasuwar albasa yana cikin ƙungiyar sana'arsa, yana cikin jama'ar unguwarsa, yana kuma ɗaukar karatu wurin malamai biyu. A Cytoscape.js, wani kayan aiki da masu gina manhaja ke zana irin wannan alaƙa da shi, ɗigo uwa ɗaya yake da ita, don haka duba iyakar kayan aikinka kafin ka ɗora gini a kai. Masanin kwamfuta David Harel ya nuna a 1988 yadda rukunai za su shiga juna su kuma haɗa kafaɗa a zane ɗaya. Tun farko ka ajiye jerin iyaye, ba gurbi ɗaya ba. Kada kuma ka nace wa da'ira: da'ira 4 in suka shiga juna ba sa raba allo fiye da yanki 14, alhali rukuni 4 na iya buƙatar 16 don nuna duk yadda za su haɗu. Bar siffar ta lanƙwashe, ko ka taimaka da launi.

Akwai kuma zagaye: a sa rukunin farko cikin na biyu, a dawo a sa na biyu cikin na farko, manhaja ta yi ta juyi har ta daskare. Kafin ka karɓi sakawa, bi iyaye sama ka tabbatar ba ka tarar da wanda ake sakawa ba.

Gogewa ma tana son shawara. In an goge rukuni, 'ya'yansa su bi shi ko su koma hannun na sama? In mambobin adashe suka ragu saura ɗaya, a bar ƙullin ko a tambayi mai aiki? Ni na fi son a tambaya. Maɓallin komawa baya kuma a gina shi tun ranar farko, a rubuta kowane canji tare da kishiyarsa, domin cusa shi daga baya wahala ce babba. Da yake ɗauke wuta ba ya sallama, manhajar ta riƙa ajiye aiki da kanta bayan kowane canji.

Ɗalibin nan da rabon ma'ajiya biyu ya fara. Da ya dawo, na ja ɗigo har bakin allo, rukuninsa ya miƙe ya bi shi.