Famfon kicin a gidan haya: abin da ɗan haya zai gyara da kansa da wanda zai bar wa mai gida

Babu abin da ake taɓawa a gida kamar famfon kicin, shi ya sa yakan riga sauran kaya lalacewa. Ga mai zaman haya kuwa abin ya fi ɗaure kai, domin famfon ba nasa ba ne, mai gida ba kullum ake samunsa a waya ba, mai gyaran famfo kuma ba ya zuwa kyauta. Abin da zai fisshe shi shi ne sanin iyaka. Duk abin da ke wajen bango, wanda ake kwancewa da hannu ko da ƙaramar sifana sannan a mayar da shi yadda yake, ɗan haya yana iya taɓawa. Bututun da ke cikin bango ko ƙarƙashin tayil, da tanki, da injin jan ruwa, waɗannan hurumin mai gida ne, sai dai a sanar da shi.

Kafin a kwance ko da noti ɗaya, a nemo makullin ruwa. A gidaje da yawa akwai ƙarami a ƙarƙashin wurin wanke-wanke, daidai inda tiyo ya haɗu da bango, kuma ana rufe shi ne ta murɗawa zuwa dama. Idan babu shi, sai a rufe babban da ke jikin bututun da ya sauko daga tanki, amma inda ake tarayya a tanki ɗaya ya kamata a fara gaya wa maƙwabta, kada a yanke wa wani ruwa yana tsakiyar wanka. Bayan an rufe, a buɗe famfon ragowar ruwan ya tsiyaye, a toshe ramin magudana da tsumma saboda ƙananan kusoshi, sannan a ɗauki hoto da waya a kowane mataki. Hoton zai tuna wa mutum yadda kayan suke jere, zai kuma zama shaida idan magana ta taso daga baya.

Ƙorafin da aka fi yi shi ne ruwa ya rage ƙarfi. A nan a fara da buɗe famfon banɗaki. Idan shi ma tsiyaya yake yi, laifin ba na kicin ba ne: ko ruwan tanki ya yi ƙasa, ko an rage babban makulli. Yana da kyau a san cewa ƙarfin ruwan tanki daga tsayinsa yake zuwa. Kowace mita 10 ta tsayi tana ba da matsi kimanin "bar" ɗaya, wato ma'aunin ƙarfin ruwa na masu aikin famfo, saboda haka wanda ke zaune a benen ƙarshe, tanki na mita 3 kacal a samansa, ba zai taɓa samun ƙarfin ruwan na ƙasa ba komai kyan famfonsa. Wannan ba lalacewa ba ce, kuma sauya famfo ba zai magance ta ba.

Idan kuwa kicin ne kaɗai, galibi 'yar rariyar da ke bakin famfo ce ta toshe. Ruwan rijiyar burtsatse yakan zo da yashi mai laushi, tsohon bututun ƙarfe yana sako tsatsa, wani ruwan kuma yana barin farin dasƙararren abu, kuma duk a wannan rariya suke taruwa. A kwance ta da hannu. Idan ta ƙi, a naɗe ta da tsumma kafin a kama da filaya, domin haƙoran filaya suna kankare fentin famfo, tabon kuma shi mai gida zai fara gani ranar tashi. A buɗe ruwa ba tare da ita ba. Idan ya zubo da ƙarfi, an gano bakin zaren. Sai a jiƙa rariyar cikin binega na awa ɗaya ko biyu, ko cikin ruwan lemun tsami idan babu binega, a goge da tsohon buroshin haƙori, a tsokale ramukan da allura, a mayar da sassanta bisa jerin da aka same su, har da siririn zoben roba da mutane ke yawan mantawa. Idan ta ruɓe, sabuwa ba ta da tsada, yawancinsu kuma faɗin milimita 22 ne ko 24. In an cire rariya amma ruwan bai ƙaru ba, a leƙa ƙasa, don sau da yawa tukunya ko bokiti da aka cusa ne ya lanƙwasa tiyo.

Akwai kuma famfon da ke tari yana feso iska bayan tanki ya ƙafe an sake cika shi. Iska ce ta shiga bututu. A cire rariyar, a bar famfon a buɗe na 'yan mintuna tare da sauran famfunan gidan har ruwan ya daidaita, kuma hakan zai fitar da lakar da ruwan farko ke kwasowa daga gindin tanki.

Ɗigo shi ne abin da aka fi rainawa. Ɗigo ɗaya a kowace daƙiƙa yana kai wa kusan lita 30 a yini, wato fiye da jarka guda ta 'yan garuwa mai lita 25, kuma a gidan da ake sayen man janareta kafin a tura ruwa sama wannan asara ce ta gaske. Abin da aka saba yi shi ne a ƙara matse kan famfon da ƙarfi ko a ɗaure shi da igiyar roba, kuma duka biyun ƙara ɓata shi suke yi. Gyaran ya danganta da irin famfon. Wanda ake murɗawa sau da yawa kafin ya rufe yana da wosha ta roba a ƙasan sandar cikinsa, ita ce ke cinyewa. A ɓalle 'yar hular da ke saman mariƙin, a kwance kusar da sukundireba, a cire mariƙin, a kwance babban notin da sifana ana riƙe da jikin famfon da ɗaya hannun don kada ya juya ya karya haɗinsa, sai woshar ta bayyana. Wanda ke rufewa da ɗan juyi kaɗan, ko mai hannu ɗaya da ake ɗagawa sama, ba shi da irin wannan wosha; faifan tangaran ne a cikin wani ƙullin da ake sauyawa gaba ɗaya, kuma yashi ne babban abokin gabarsa.

Ko wanne ne, wosha ko ƙulli, a sa tsohon a aljihu a tafi da shi kasuwa, ko Ƙofar Ruwa ce a Kano ko Dei-Dei a Abuja ko shagon kayan famfo na unguwa. Kwatance da baki ba ya wadatarwa, domin ƙullin masu hannu ɗaya akwai na milimita 35 akwai na 40, kuma ido ba ya rarrabe su da sauƙi. Wajen mayarwa a ɗaure da hannu tukuna, sannan a ɗan ƙara da sifana. Idan an sa sabuwar wosha ɗigon bai tsaya ba, mazaunin da take zama a kai ne ya zaizaye, kuma daga nan maganar ta koma ta sabon famfo, wadda ta mai gida ce.

Ruwan da ke tsattsafowa daga gindin wuyan famfo idan an juya shi, zoben roba ne ya saki, sauya shi kuma ba wuya. Yoyon ƙarƙashi ya fi buƙatar haƙuri. A fitar da kaya, a tsane ko'ina, a shimfiɗa busasshiyar takarda a jira a ga inda za ta fara jiƙewa. Idan ba ta jiƙa sai an zubar da ruwan wanke-wanke, yoyon na bututun magudana ne, kuma notinsa na roba da hannu ake matse shi. Idan tana jiƙa ko ba a buɗe famfo ba, tiyo ne ko haɗinsa. Tiyon da ya kumbura ko ya yi tsatsa a sauya shi nan take, domin idan ya fashe cikin dare sai ya kwashe tanki guda a silin ɗin maƙwabcin da ke benen ƙasa. Farin tef ɗin famfo yana amfani a haɗin zare da zare, ana naɗa shi ta fuskar da ake ɗaurewa, amma bakin tiyo mai wosha a ciki ba ya buƙatarsa.

Game da kuɗi, a duba takardar yarjejeniyar haya, don wasu sun ɗora ƙananan gyare-gyare a kan ɗan haya. Duk abin da ake son a cire daga kuɗin haya, a aika wa mai gida ko wakilinsa hoto da bayani ta WhatsApp, a sami amincewarsa a rubuce kafin a kashe, a kuma adana rasit. Wanda ya sa sabon famfo don son ransa ya ajiye tsohon, domin ana iya neman a mayar da shi lokacin tashi. Idan kuma aka ga bango yana damshi, ko makullin ruwa ya ƙi juyawa, ko famfon da ke manne a bango yana motsi tare da bututunsa, a ajiye sifana, a rufe ruwa daga tanki, a kira mai gida a ranar.