Idan mugu aka ce ka fito: shawara ga samarinmu na Jidda da Makka masu son shiga fim

Tun da aka sake buɗe gidajen sinima a Saudiyya a watan Afrilun 2018, bayan kusan shekara 35 suna garƙame, samarinmu suka hana ni shan shayi cikin kwanciyar hankali. Sun san ina ɗan fitowa a ƙananan matsayi, sun kuma san kamfanoni kan kira ni in tara musu 'yan kumbars, wato masu cika fage a bayan jarumi. Kowa tambayarsa ɗaya: Kawu, ta ina ake shiga? Gara in rubuta sau ɗaya in huta.

Ƙanena, idan kai baƙi ne, mai jiki, ɗan unguwa, matsayin da za a fara miƙa maka ba likita ba ne, ba alƙali ba. Yaron bos ne, ko mai gadin ƙofa, ko dilan ƙwaya da za a cafke tun kafin labari ya yi nisa. Ban ce ka ƙi ba. Kasuwar a yanzu can take. Shirin Rashash da aka haska a manhajar kallo ta Shahid a 2021, kan wani ɗan fashi na shekarun 1980, ya nuna wa masu zuba kuɗi cewa labarin laifi yana sayuwa. Sannan Ali Kalthami ya fito da Mandoob a 2023, labarin mai kai saƙo a dararen Riyad da ya faɗa harkar giya ta ɓoye, jama'a suka cika sinima. Kowane irin wannan fim yana buƙatar fuskoki masu yawa kewaye da jarumi, kuma ta nan irinmu ke samun kutsawa. Abin da nake so ka koya shi ne yadda za ka shiga ta wannan ƙofa ba tare da an kulle ka a ɗakin ba.

Takardu kafin komai. Wanda yake ɗan ƙasa, irin Hausawan da kakanninsu suka zo tun zamanin tafiyar ƙafa, ba shi da matsala. Mai igama, wato takardar izinin zama, ya sani cewa yi wa wani aiki ba kafilinsa mai ɗaukar nauyin zamansa ba laifi ne a dokar ƙasar nan, don haka ka tambayi kamfanin tun farko yadda za su rubuta ka, kuma kafilinka ya san da maganar. Wanda ya shigo da bizar Umra, ko wanda ba shi da takarda sam, kada ma ya neme ni. Sana'ar da amfaninta shi ne duniya ta ga fuskarka ba ta mai gudun jawazat, jami'an shige da fice, ba ce.

Haka kuma kada zumuɗi ya sa ku haɗu ku huɗu ku ɗauki waya ku fita lungu kuna shirya naku fim ɗin daba don TikTok. Ɗaukar fim a titi sai da izini. Dokar laifukan intanet ta 2007 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 5 da tarar da za ta iya kai riyal miliyan 3 ga wanda ya shirya abin da aka ga ya taɓa tarbiyya ko addini ko zaman lafiya, kuma ɗaukar mutum a waya ba da saninsa ba ma laifi ne mai zaman kansa. Sa kayan askar, wato jami'an tsaro, ba izini, ko yawo da bindigar roba a bainar jama'a, neman rigima ne da kuɗinka. Sunan Makka kuwa a kiyaye shi. A watan Fabrairun 2020 wata matashiya baƙar fata ta saki waƙar rap tana yabon 'yan matan Makka, hukumar yankin ta ba da umarnin kama waɗanda suka shirya ta. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa.

Yanzu yawancin masu zaɓen 'yan wasa ta Instagram da WhatsApp suke cigiya, kuma abin da za su fara nema bidiyo ne na gwaji. Nemi farin bango, ka fuskanci taga don haske ya bugi fuskarka, ka kwantar da wayar daidai tsayin idonka, wani ya riƙe ko ka jingina ta. Ka faɗi sunanka da shekarunka da tsawonka da harsunan da kake ji, sannan ka yi maganar da aka turo maka. Minti ɗaya ya isa. Ban da tabarau, ban da kiɗa, ban da tace hoto. Duk wanda ya ce ka biya kuɗin rajista kafin a gwada ka, toshe lambarsa.

Maganar harshe tana da muhimmanci fiye da yadda samari ke zato. Mu na Jidda da Makka Larabcin Hijaz ne a bakinmu, amma ayyuka da yawa a Riyad ake yinsu, musamman tun da kafar talabijin ta MBC ta mayar da hedikwatarta can a 2022, kuma darakta zai so ka iya karkata harshe zuwa na Najad. Ka saurara, ka kwaikwaya. Hausarka ma ka rubuta ta a cikin abin da ka iya. Sai dai ka lura da wani tarko: za a samu wanda zai ce ka riƙa karya Larabci da gangan don a yi dariya, alhali a Shari'a Mansur, wato titin Mansur na Makka, aka yanke maka cibiya. Idan labarin ya nuna mutumin sabon zuwa ne, babu laifi, ka yi shi da gaskiya. Idan kuwa karyawar ce kawai abin dariyar, ni dai ba na yi.

To ga asalin aikin, kuma a nan ne mafi yawa ke faɗuwa. Ka ce wa sabon yaro ya fito a ɗan daba, nan take zai zaro ido, ya murtuke fuska, ya kama ihu yana watsa hannu. Wannan ba ya tsorata kowa. Duk wanda ya tashi a unguwannin Jidda irin Karantina ko Sabil ko Gulail ya san wanda ake shakka a lungu ba mai hayaniya ba ne. Akwai wani da na sani ina yaro, kullum bayan la'asar yana zaune kan kwandon lemo da ya kifa a bakin wata bakala, wato kantin unguwa, ya tuɓe takalmi ɗaya ya ɗora ƙafar a gwiwa, kofin shayi a ƙasa kusa da shi. Idan aka kawo masa ƙara, ba ya duban mai magana. Sai ya yi ta juya zoben azurfa a ɗan yatsansa har mutum ya gama, ya ɗauki shayi ya kurɓa, ya ajiye, sannan ya ɗago ya yi tambaya ɗaya cikin murya ƙasa-ƙasa, har sai ka sunkuya za ka ji. Wannan sunkuyawar ita ce ikonsa. Yana tambayar lafiyar mahaifiyarka da sunanta, kai kuma ka rasa gane gaisuwa ce ko gargaɗi.

Shi za ka kai gaban kyamara. Ka rage motsi, ka jinkirta amsa, ka ba hannunka abin yi: carbi, makullin mota, murfin kwalba. Kyamara kusa take, tana kama ƙiftawar ido, ba ta buƙatar ka yi mata wasan dandali. Kuma ka sani, tun daga ƙarshen 2021 zuwa 2022 katafila ta share waɗannan unguwanni, Karantina da Gulail da Sabil da Petromin da sauransu da dama. Matasan daraktoci da yawa ba su taɓa kwana a cikinsu ba. Yadda ake zama, yadda ake kiran yaro daga nesa, yadda lungu ke yin tsit idan baƙuwar mota ta shigo, duk a kanka suke. Idan ka ga an shirya abin da ba haka yake ba, ka samu mataimakin darakta a gefe ka faɗa masa cikin ladabi. Kada ka gyara wa darakta a gaban jama'a, ko da kai ne da gaskiya.

Sannan ka ba mutumin dalili. Ko layi biyu aka rubuta maka, ka yanke wa kanka: me yake nema, wa yake ciyarwa, me yake tsoro. Ba wanda zai tambaye ka, amma za a gani a idonka.

Faɗa a fim lissafi ne. Naushi ba ya sauka, yana wucewa ne da tazarar kamu guda daga fuska, kyamara tana bayan kafaɗar mai dukan, wanda aka daka shi ke sayar da dukan da juya kai a daidai lokacin. Ana gwadawa a hankali sau da yawa kafin a ƙara sauri. Duk wuƙar da aka miƙo maka, ka taɓa bakinta da kanka ka tabbatar ta roba ce. Idan aka ce ka faɗo daga kan mota ko katanga kuma babu katifa, babu mai koyar da faɗa a wurin, ka ce a'a. Jarumi yana da wanda ke faɗuwa a madadinsa, kai ƙashin bayanka ɗaya ne kuma ba wanda zai biya maka asibiti idan ba a rubuta ba.

Akwai abin da 'yan lokeshan ke kira rakor. Idan a ɗauka ta farko da hagu ka riƙe kofi, shayin kuma rabi ne, to haka zai kasance a ta goma, ko da gobe aka ƙarasa. Ka ɗauki hoton kanka da zarar an gama yi maka shiga. Kada ka yi aski a tsakiyar aiki. Ka tsaya kan alamar da aka manna maka a ƙasa ba tare da ka kalle ta ba. Wanda ya kiyaye waɗannan ƙananan abubuwa shi ake sake kira, ko da wani ya fi shi baiwa.

Kuɗi kuwa, tun ran gini ran zane. Nawa ne a rana, rana awa nawa ce, me ake ƙarawa idan aka zarce, yaushe za a biya, wa zai ɗauki mota da abinci. A rubuta, ko da a saƙon waya ne. Kumbars mai magana ya fi marar magana kuɗi, saboda haka idan aka ba ka layi a tsakiyar aiki, ka tuna musu a ranar. Wani kamfani ya taɓa riƙe mana haƙƙinmu har bayan Sallah, waɗanda ke da saƙo a rubuce su aka fara sallama. Kuma kada ka ajiye sana'arka. Aiki yana yawa ne a watannin da ke gaban azumi, lokacin da ake tseren gama shirye-shiryen Ramadan, daga nan sai ka yi ta duban waya.

Sai babban haɗarin. A Amurka, farkon shekarun 1970, an yi yayin finafinan baƙaƙen fata na ƙwaya da karuwai da bindiga, masu arhar shiryawa da kawo riba. Ron O'Neal gogaggen ɗan wasan dandali ne mai lambar yabo, ya fito a dilan hodar iblis a Super Fly a 1972, ya yi suna dare ɗaya. Ƙungiyoyin baƙaƙe irin NAACP suka yi tir da irin finafinan, yayin ya wuce cikin 'yan shekaru, shi kuma aka ci gaba da kallonsa a dila. Pam Grier, wadda ta yi tashe a 1973 da 1974, sai a 1997 ta sake samun babban matsayin da ya dace da ita a hannun darakta Tarantino. A gida ma kun gani: mutum nawa ne ke kiran Shu'aibu Lawan da sunansa ba Kumurci ba, ko Daddy Hikima ba Abale ba? Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Mafita ita ce ka tara wa kanka shaida cewa ka iya wani abu dabam. Mahmud al-Miliji ya shekara da shekaru yana mugun finafinan Masar, har darakta Yusuf Shahin ya ba shi matsayin manomi a fim ɗin Al-Ard, wanda aka kai bikin finafinai na Cannes a 1970, mutane suka ga ashe wani mutum ne. Kai ba sai ka jira Shahin ba. Ɗaliban fim na Jami'ar Effat a nan Jidda, da matasa masu gajerun finafinai da ke neman shiga bikin Red Sea, wanda ake yi a Jidda tun 2021, ko bikin finafinan Saudiyya na Zahran, kullum suna neman ɗan wasa, kuma su ne za su ba ka matsayin uba, ko malami, ko ladan, ko ango. Kuɗinsu kaɗan ne, wani lokaci sai abincin rana. Ka karɓa. Duk dila biyu da ka fito, ka nemi mutumin kirki ɗaya ka sa a bidiyon da kake turawa.

Kuma ka karanta labarin kafin ka amsa, ba shafinka kaɗai ba. Idan duk baƙin da ke cikin fim ɗin ɓarawo ne, ka yi tunani. Idan matsayin na alhaji ne ɗan Najeriya mai ɓoye ƙwaya a jaka, ka yi tunani sau biyu, don wannan ba wasa ba ne a wurinmu. Safarar ƙwaya hukuncin kisa gare ta a ƙasar nan, kuma ba mu manta da Zainab Aliyu, ɗalibar jami'a a Kano, da aka tsare a ƙarshen 2018 kan ƙwayar da wasu suka sa a jaka da sunanta ba, sai a Afrilun 2019 aka sake ta. 'Yan'uwanmu ne ke tsayawa a layin filin jirgi bayan an gama kallon fim ɗinka.

Masu tunanin komawa Kano su yi can, su sani cewa hukumar tace finafinai ta jihar ta hana nuna garkuwa da mutane da shaye-shaye da ƙwacen waya a 2021, saboda haka a bincika abin da ke aiki kafin a sayi tikiti.

Gida kuma kada su ji a bakin wani. Ka zaunar da Baba ka yi masa bayani tun kafin ka sa hannu, haka surukanka idan akwai maganar aure a ƙasa, don dattijon da ya gan ka riƙe da wuƙa a talabijin ba lallai ya raba wasa da hali ba. Umma kuwa ka faɗa mata a kashi na nawa za a harbe ka, domin maƙwabciya za ta riga ka kai labarin, kuma ba za ta ce a fim ne ba.