Kurakuran da ke hana mutanenmu karɓar diyyar inshora a arewacin Kamaru

Yawancin masu motoci da 'yan kasuwarmu na Garwa, Marwa, Gaundare da Kusiri suna yankar inshora ne saboda jandarman da ke tsaye a shinge. A nuna takarda, a wuce. Ba a buɗe ta a karanta sai ranar da mota ta kaɗe mutum ko wuta ta ci shago, a lokacin kuwa bakin alƙalami ya riga ya bushe. Kamfanoni suna da nasu laifin na jan ƙafa wajen biya, wannan ba a ɓoye yake ba. Amma diyya da yawa tun ranar sa hannu take salwanta, kuma wannan ne ɓangaren da yake hannunmu mu gyara.

Dokar da ke tafiyar da inshora a Kamaru ita ce ta CIMA, ƙungiyar kula da harkokin inshora ta wasu ƙasashen Afirka, wadda aka ƙulla yarjejeniyarta a Yawunde ranar 10 ga Yulin 1992, dokar kuma ta fara aiki a 1995. Ƙasashe 14 ne suke aiki da ita, cikinsu har da Cadi da Nijar. Don haka abin da ya hau kan direba a Marwa shi ne ya hau kan ɗan'uwansa a Njamena.

Babban kuskure, wanda ya fi kowanne cin mutane, shi ne yankar inshora bashi. Wakili ya zo ƙofar shago da jakarsa ya ce, "Alhaji, riƙe takardar, in kasuwa ta buɗe ka kawo kuɗin." Alhaji ya yi godiya, ya ɗauka an yi masa mutunci. Da can haka ake yi, amma a 2011 aka gyara sashe na 13 na dokar, tun daga nan inshora ba ta fara aiki sai an biya kuɗinta. Sassaucin da aka bari na wasu manyan kwangiloli ne da na hukumomin gwamnati, bai shafi mai tasi ko mai kanti ba. In ba ka biya ba, ba ka da kariya, kome kyan takardar da ke aljihunka. In kuma ka biya, ka karɓi rasidi mai ɗauke da sunan kamfanin da lambar kwangilarka. Dokar ta hana dillalan inshora karɓar tsabar kuɗi fiye da sefa miliyan 1 a kan kwangila guda, ta kuma hana a rubuta ceki da sunan dillali. Duk wanda ya ce a rubuta cekin da sunansa don ya rage maka wahala, ka tashi ka tafi ofishin kamfanin da ƙafarka. Haka nan takardar da aka yanka maka a bakin tasha da rabin farashi: ka kai ta reshen kamfanin su duba ko lambarta tana cikin kwamfutarsu tun kafin ka buƙace ta.

Sai rashin sanin abin da aka saya. Inshorar mota ta dole, wadda sashe na 200 ya wajabta, tana biyan ɓarnar da motarka ta yi wa wasu ne: mai tafiya a ƙasa, fasinja, motar wani, katangar wani. Ba ta gyara taka motar. Ba ta biyan jinyar direban da ke tuƙa ta. Ba ta biyan buhunan albasa ko masarar da ka ɗauko. Kowanne daga cikin waɗannan kariya ce daban da ake saya da ƙarin kuɗi. Mai tirela da ke lodi daga Gaundare zuwa Kusiri, in bai yanki inshorar kayan da ke kan hanya ba, motar ta kife a wajen Mora, asarar kayan tsakaninsa ne da mai kaya.

Masu ba yara babur su yi haya su kula da wannan sosai. In yaron ba shi da lasin ya buge mutum, kamfani zai iya biyan wanda aka buge, domin doka ba ta yarda a hana shi haƙƙinsa ba, sannan ya juyo kan wanda alhakin ke wuyansa ya nemi kuɗinsa.

Akwai kuma ƙaryar da muke ɗauka ƙarama. Mota tana jigilar fasinja tsakanin Garwa da Gidar, amma a fom an rubuta ta zirga-zirgar iyali ce, don kuɗin ya yi sauƙi. Sashe na 18 ya ce in aka tabbatar da gangan aka ɓoye gaskiya, kwangilar ta rushe, kuɗin da aka biya kuma ya zama na kamfani. In ba da gangan ba ne, sashe na 19 ya ba su damar rage diyyar gwargwadon giɓin da ke tsakanin abin da ka biya da abin da ya kamata ka biya. Wani lokaci ma ba ƙarya ba ce, al'amura ne suka canza: ka fara sayar da fetur a jarkoki a gefen kantin kayan masarufi, ko ka mayar da motar gida ta haya. Doka ta ba ka kwana 15 daga ranar da ka san da canjin ka sanar da kamfani a rubuce. Kada ka bar wakili ya cike maka fom kana can kana ciniki. In faransanci ne matsalar, ɗanka ko ƙaninka da ya yi boko ya zauna ya karanta maka layi-layi kafin ka sa hannu.

Wanda ya sayi tsohuwar mota kada ya dogara da inshorar mai ita na da. Bisa sashe na 41, kwangilar tana tsayawa da kanta daga kwana na biyar bayan ciniki, ko da kwanan watan da ke jikin takardar bai ƙare ba. Masu ƙetare iyaka kuma: kat roz, katin inshorar mota na ƙetare iyaka, ta ƙasashe shida ce na CEMAC, ƙungiyar tattalin arzikin tsakiyar Afirka, wato Kamaru, Cadi, Afirka ta Tsakiya, Kwango, Gabon da Gini Ikwatoriya. Tana maka aiki in ka haye gadar Ngeli zuwa Njamena, amma ba ta aiki a Mubi ko Maiduguri, domin Najeriya tana cikin tsarin katin ECOWAS ne.

Inshorar gobara ita ce inda na fi jin takaicin abin da ke faruwa, domin mai ita yakan yi duk abin da ya ga ya dace, ya biya kuɗinsa kan kari, amma ya fito da rabi. Ɗauki mai shagon atamfa da shadda a babbar kasuwar Marwa. Kayansa sun kai na sefa miliyan 20, shi kuwa ya rubuta miliyan 10 don kuɗin shekara ya ragu, yana lissafin cewa ai da wuya wuta ta cinye duka. Waya ta haɗu cikin dare, kayan miliyan 8 suka ƙone. Yana jiran miliyan 8 tunda ba su kai goman da ya rubuta ba. Sashe na 35 kuwa ya ce wanda ya yi inshorar rabin dukiyarsa, shi ne ya ɗauki nauyin ɗaya rabin, sai dai in kwangilar ta faɗi akasin haka. Miliyan 4 za a ba shi, a kuma cire kason da kwangila ta ce shi zai ɗauka. Ƙara kuɗin fiye da kima ma ba ya amfani, domin ba a biyan mutum sama da ainihin asararsa. Gyaran shi ne a faɗi darajar kaya ta gaskiya, a kuma sabunta ta idan haja ta ƙaru, musamman gab da azumi da salla lokacin da shaguna ke cika maƙil.

Sannan da me zai tabbatar da miliyan 20 ɗin? Littafin ciniki da rasidan sari suna cikin durowar shagon, sun ƙone tare da atamfar. Ɗaukar hoton rasidai da na kantoci da waya duk ƙarshen wata, a tura wa wani ɗan'uwa ta WhatsApp, aikin minti kaɗan ne, kuma shi ne abin da mai ƙiyasin asara zai nema.

Inshorar gobara ba ta nufin kowace masifa. Ambaliya irin wadda ta auka wa Yagwa da yankin Logon da Shari a 2024 ba ta shiga sai an rubuta ta a kwangila. Sata ma haka. Sashe na 38 ya fitar da ɓarnar yaƙi da tarzoma da boren jama'a, sai in an yi yarjejeniya ta musamman, kuma mai shago a garuruwan kan iyaka ya san ba ƙaramar magana ba ce wannan. Doka ta tilasta wa kamfani ya rubuta duk abin da ya cire da haruffan da suka fito fili, don haka wannan shafin za ka fara nema. Masu ƙyamar inshora saboda addini kuma su sani CIMA ta fitar da ƙa'idojin takaful, wato inshora bisa tsarin Musulunci, a 2019, suna iya tambayar kamfani ko yana da wannan tsarin.

Bayan abu ya faru, al'adarmu ta sulhu takan jawo wata asarar. An yi karo, dattawa sun taru a gefen titi, mai mota ya amsa laifi ya biya kuɗin magani, aka watse ba tare da 'yan sanda ko jandarma sun rubuta rahoto ba. Sulhu alheri ne, kai wanda ya ji rauni asibiti kuma wajibi ne. Sai dai doka ta ba kamfani damar ƙin amincewa da duk wata yarjejeniya da aka yi ba da saninsa ba, kuma in raunin ya tsananta bayan wata biyu, babu takardar da za a dogara da ita. A taimaki mara lafiya, a bar hukuma ta rubuta rahotonta, a adana kowace takardar asibiti da rasidin magani.

Lokaci kuma ƙurarre ne. Wa'adin sanar da kamfani yana cikin kwangilarka, doka ta ce ba zai gaza kwanakin aiki 5 ba, amma na sata da na mutuwar dabbobi awa 48 ne kacal. Kiran wakili a waya bai wadatar ba. Ka rubuta, ka kai ofis, a buga maka hatimi da kwanan wata a kwafinka. In ka makara kada ka haƙura ka zauna, domin kamfani ba zai hana ka diyya saboda jinkiri ba sai ya nuna jinkirin ya cutar da shi.

In an yi ta ce maka "dawo gobe", ka tuna cewa haƙƙin kai ƙara a kan kwangilar inshora yana faɗuwa bayan shekara 2, na wanda mota ta buge kuma bayan shekara 5 daga ranar haɗarin. Wasiƙar neman biya da aka aika wa kamfaninka ta gidan waya, mai rajista da shaidar karɓa, tana katse lissafin shekara biyun. Ka aika ta, ka ajiye shaidar, sannan ka kai kokenka sashen kula da inshora na Ma'aikatar Kuɗi tare da kwafin kwangila, rasidin biya da takardar da aka buga wa hatimi.