Yarda da koton roba: kurakuran da ke sa mai fatsa ya koma hannu wofi

Sau da yawa za ka ga masu fatsa biyu a kwale-kwale ɗaya, kotonsu iri ɗaya, zarensu iri ɗaya, amma ɗaya sai cire kifi yake yi, ɗayan kuwa ko taɓi bai samu ba. Mutane sukan ce sa'a ce. Wani lokacin sa'ar ce, amma galibi bambancin shi ne ɗaya ya yarda da abin da ke ɗaure a bakin zarensa, ɗayan yana kokwanto. Kifi bai san abin da ke zuciyarka ba, wannan gaskiya ne. Sai dai koton roba ko na katako ko na ƙarfe ba shi da rai. Tana, wato tsutsar ƙasa, takan yi motsi da kanta a jikin ƙugiya, ta kuma ba da wari, amma kifin roba ba ya motsawa sai yadda hannunka ya motsa shi. Ta nan ne kokwanto yake bin zare ya isa ruwa.

Ka tsaya ka kalli mai kokwanton da kyau. Yana jefawa idonsa na kan abokinsa. Yana naɗe zare da sauri, gudu ɗaya babu tsayawa, don ya ƙosa ya gama. Koton bai ƙaraso kusa ba ya fizge shi daga ruwa, alhali kifaye masu farauta irin su giwan ruwa da tsage sukan biyo koto daga nesa, su kai masa cafka a daidai wannan ɗan taƙin na ƙarshe. In kuma aka ɗan taɓa koton a hankali, ba zai ji ba, domin dama bai sa rai ba.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne yawan canza koto. Jifa biyar, shiru, sai a kwance a ɗaura wani. Duk lokacin da kake kwancewa da ɗaurawa, ƙugiyarka tana waje, kuma ba a kama kifi a busasshiyar ƙasa. Mafi muni, an bar jaki ana dukan taiki: sau tari laifin na wuri ne ko na zurfi, ba na koton ba. Gyaran shi ne ka ba kowane koto lokacinsa, misali rabin awa, kuma kafin ka cire shi ka canza komai banda shi. Ka rage gudu. Ka ɗan tsaya a tsakiyar ja, ka bar shi ya yi kamar ya gaji, sannan ka fizga kaɗan. In mai nutsewa ne, ka ƙirga bayan ya faɗa ruwa: biyar a jifan farko, goma a na biyu, sha biyar a na uku, har ka gano zurfin da kifin yake. Ka matsa gaba ka jefa ta wata kusurwar. Sai duk wannan ya gaza kake da hujjar buɗe akwatin koto.

Akwai wani kuskuren da ba a cika lura da shi ba, kuma a ganina shi ne ya fi zaluntar koto mai kyau. Mutum zai sayi sabo, ya ajiye, ya ci gaba da amfani da tsohon da ya saba da shi. Sai rana ta take, kifi ya daina ci, komai ya mutu, sannan ya ce bari in gwada sabon nan. Ai ba zai kama ba, domin a wannan lokacin babu abin da ke kamawa. Daga nan an yanke masa hukunci, ya koma ƙasan akwati har ya yi tsatsa. Sabon koto ana gwada shi ne lokacin da kifi ke ci, da sassafe ko dab da faɗuwar rana, a wurin da ka riga ka san akwai kifi. Yana da wuya mutum ya cire abin da ke kamawa ya sa baƙo, na sani, amma kifi biyu ko uku da za ka kama da shi a irin wannan lokacin su ne za su sa ka riƙe shi da natsuwa ranar da abubuwa suka yi tsauri.

Kafin ma ka yi jifan farko, ka ja shi a gabanka cikin ruwa marar zurfi, ka ga yadda yake rangaji, a wane gudu yake kaɗa jiki da kyau, a wane gudu yake birkicewa. Lauri Rapala, masuncin ƙasar Finlan da ya sassaƙa kotonsa na farko a 1936, da kallo ya fara: ya lura cewa babban kifi yakan tsinci ƙaramin da ke tangaɗi a cikin garke, mai rauni, shi yake bi. Wannan tangaɗin kake son ka gani da idonka, domin in koton ya yi nisa ya ɓace maka, abin da ka gani ne zai gaya wa hannunka yadda zai yi.

Tsoron asara ma yana cin mutane. Kifi mai farauta yana laɓewa ne a gindin kututture, tsakanin duwatsu, ko bakin ciyayi, wato daidai inda ƙugiya ke maƙalewa. Wanda yake ji da kotonsa sai ya riƙa jefawa a fili inda babu haɗari, babu kuma kifi. Gara ka mallaki biyu iri ɗaya waɗanda ba za ka ji zafin rasa su ba, da ɗaya tilo da kake tsoron jefawa.

Batun launi kuwa an fi ba shi muhimmancin da ya wuce nasa. Ruwa yana shanye jan launi tun a 'yan mitocin farko, a ƙasa sai ya koma duhu-duhu. A ruwa mai laka kifi ya fi dogara da jijiyar da ke gefen jikinsa mai jin girgizar ruwa. Zurfi da motsi da girma su ne gaba, launi yana baya.

Yarda kuma tana iya zama makanta. Za ka ji mutum ya ce wannan ne kaɗai ke kama masa kifi, bai lura cewa shi ne kaɗai yake jiƙawa ba. Kifi ma yana koyon darasi. A 1970 wani mai bincike ɗan Holan mai suna Beukema ya nuna cewa wani kifi mai farauta na ruwayen Turai, in an taɓa kama shi da koton ƙarfe mai juyawa aka sake shi, da wuya ya sake cafkar irinsa, amma yakan ci gaba da faɗa wa ƙaramin kifi mai rai. Saboda haka a ruwan da ake yawan fatsa, abin da ya yi aiki bara yana iya gazawa bana. In ka ga kifi yana biyo koto har kusa yana juyawa, ko kotonka ba ya kai zurfin da kifin yake, ko ruwa ya yi sanyi kifi ya yi nauyin jiki alhali naka sai da gudu yake rawa, to lokacin canji ya yi. Ɗan littafin da za ka riƙa rubuta wuri da lokaci da yanayin ruwa da koton da ya kama zai fi ƙwaƙwalwarka adalci, domin ita ranar nasara kawai take riƙewa.

Wani lokacin kuma koton da ka daina yarda da shi gyara kawai yake so. Ka ɗora tsinin ƙugiyar a kan farcenka ka ja a hankali: in ta kama, tana da kaifi, in ta zame, ka wasa ta ko ka canza. Ka shafa zaren kusa da ƙulli, in ka ji kaushi ka yanke ka sake ɗaurawa. In koton yana karkata gefe ɗaya maimakon ya taho a miƙe, ka sa filaya ka lanƙwasa zoben da ake ɗaura zare a jikinsa kaɗan-kaɗan zuwa ɓangaren da kake so ya koma, kana gwadawa a ruwa bayan kowace taɓawa, domin in ka matsa da ƙarfi zai karkata ɗaya gefen ko zoben ya karye.