Yadda ake zana hunturun Damagaram da fentin mai

Mai koyon zane yakan ga hotunan dusar ƙanƙara na Turai ya ɗauka cewa sai a can ake zana lokacin sanyi, alhali hunturunmu, daga Disamba zuwa Fabrairu, darasi ɗaya yake koyarwa: ido yana ganin wuri fari fat, amma farin fenti zalla ba ya fitar da shi. Ƙurar da iskar arewa maso gabas take kwasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi tana da ɗan rawaya da ɗan toka, kuma su ne za ka nema.

Kala huɗu sun ishe ka: fari, rawaya mai kama da ƙasa, ja irin na jar ƙasa, da shuɗi mai duhu. Ka haɗa da burushi mai faɗi da ƙarami, da man lin, wato man da ake cuɗa fenti da shi, da turpentin na tsinka fenti, da ƙyallen zane da aka ɗaure a katako aka shafe shi da farar shimfiɗa. Ka ajiye baƙi gefe, domin shuɗi da ja suna ba da toka mai rai da ta fi tasa.

Ka fita da hantsi zuwa duwatsun da ke Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, ka zaɓi inda dutse ɗaya yake kusa da kai, gidajen ƙasa suna tsakiya, sauran gari yana ɓacewa cikin hazo. Da farko ka shafe ƙyallen duka da rawaya mai ruwa-ruwa, sannan ka zayyana manyan siffofi ba tare da kula da tagogi ko zanen bango ba.

Daga sama ake farawa, a gangaro. A nan ne na fi ganin masu koyo suna tuntuɓe, ni ma na daɗe ina yi: sai hannu ya kai ga shuɗi, saboda an saba cewa sama shuɗiya ce. Ka dubi ta hunturu da kyau, za ka ga ta fi kama da kunun gero, rana a cikinta kamar faifai. Ka cuɗa fari da rawaya, ka ɗiga shuɗi kaɗan. Duk abin da ya yi nisa, ka ƙara masa wannan haɗin, ka goge gefensa da busasshen burushi har ya narke cikin sama. Duhu mai ƙarfi da gefe mai kaifi na dutsen da ke gabanka ne kawai. Idan akwai gawo, wanda yake da ganye a rani, korensa ya zama mai ƙura, kuka kuwa rassanta tsirara ne.

Shafin farko ya zama siriri da turpentin, na bisansa kuma a riƙa ƙara musu mai, in ba haka ba fentin zai tsattsage idan ya bushe. Bushewar tana ɗaukar kwanaki, kuma ƙura tana manne wa ɗanyen fenti, saboda haka ka jingina zanen cikin ɗaki, fuskarsa tana kallon bango ba tare da ta taɓa shi ba. Tsummokaran da suka sha man lin kuma ka shanya su a waje, domin idan aka dunƙule su wuri ɗaya suna iya kama wuta da kansu.